Aikin Damina a Suleja, Tun Bazara Ake Yinsa

Suleja gari ne na tudu da kwari. Duwatsu sun yi masa ƙawanya, kogin Iku ya bi ta cikinsa, ga ƙananan rafuka da ba a ko lura da su da rani sai ruwa ya sauka su nuna kansu. Tun da aka yanki Babban Birnin Tarayya a 1976, garin ya bar wa sabon birni sunan Abuja ya koma Suleja, jama'a ke ta kwararowa, musamman ma'aikata da 'yan kasuwar da kuɗin hayar Abuja ya fi ƙarfinsu. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar, kuma kowa ya san yau an wuce nan nesa. Fili ya yi tsada, aka yi ta gini har gangaren dutse, har bakin rafi, har kan hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin a haifi masu ginin.

Abin da hakan ke jawowa mun gan shi da idonmu. A watan Yulin 2017 ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye unguwanni irin su Checheniya da Kantoma da Unguwar Gwari suna cikin makoki, har gida ɗaya ya rasa mutum takwas. A Yulin 2020 ruwa ya sake cin rayuka a wajejen Rafin Sanyi. A Mokwa, cikin jiharmu ta Neja, ambaliyar 29 ga Mayun 2025 ta tafi da sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu. Duka ukun cikin dare ko da asuba suka faru, mutane na barci, lokacin da ba a iya neman kafinta, ba a iya yashe kwata. Ruwan Suleja yakan fara ne wajen Afrilu ya kai Oktoba, don haka watan aikin magidanci shi ne Maris, sa'ad da zafi ya sa kowa ke ƙyuyar motsi.

A fara da rufi. Da tsakar rana ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa da taga, ka leƙa ta ƙofar silin, ko ka ɗaga kai kurum idan ɗakin babu silin. Duk inda ka ga ɗigon haske, nan ruwa zai bi. Ka duba silin kansa: tabo mai ruwan ƙasa shaidar yoyon bara ne da aka manta da shi da ruwa ya ɗauke. Sai ka ƙwanƙwasa katakon rufin da ƙotar guduma. Lafiyayyen katako yana da ƙara mai tauri, wanda gara ta cinye kuwa sai ka ji kamar fanko, wani lokaci ma yatsa ya nutse a cikinsa. Irin wannan ba ya riƙe ƙusa, kuma guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko ita ke fara tona asirinsa. Kwano ba ya tashi daga tsakiya, daga baki da kusurwa iska ke samun shiga, saboda haka can za a fi ba ƙarfi: a sauya ƙusar da ta ɗago, a ƙara wata, a tabbatar katakon da rufin ya hau a ɗaure yake da bango da ƙarfe, ba ɗora shi aka yi kawai ba. Ƙananan huji ana liƙe su da kwalta. Kwanon da tsatsa ta cinye kuwa sauyawa ce maganinsa, ko da falle ɗaya ne a bana, wani baɗi.

Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi ba gyara ba ne. Dutse na iya gangarowa kan yaro, taya kuma tana tara ruwan da sauro ke so. Wanda zai hau rufi ya hau da safe kafin kwano ya yi zafi, ya taka kan layin ƙusa inda katako yake a ƙasa, ya kuma fara duba inda wayar wuta ta shigo gidan. Tsanin ƙarfe da wayar wuta ba sa haɗuwa.

Mutane da yawa ba sa kawo yawan ruwan da rufinsu ke zubarwa a ransu. Lissafin ba wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi lita ɗaya ce. Rufi mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato duro 25 na lita 200. Gida ɗaya ke nan. A haɗa da gidaje talatin ko arba'in na layi guda, yawancinsu an dafe tsakar gidansu da siminti ƙasa ba ta shan ko ɗigo, duka ruwan kuma kwata ɗaya zai bi.

Shi ya sa nake ganin a Suleja babu aikin da ya kai yashe magudanar ruwa muhimmanci, kuma shi ne aikin da mutum ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Ka share gaban gidanka tas, idan na ƙasa da kai ya toshe, ɗakinka ruwan zai dawo. Aikin gayya ne, kuma yana da tsari. Daga ƙasa ake farawa, inda kwatar ta faɗa babbar magudana ko rafi, a riƙa hawowa sama. Idan aka fara daga sama, dattin da aka motsa sai ya gangara ya ƙara danne inda ya riga ya toshe. A tanadi shebur da manjagara da baro, a sa takalmin roba da safar hannu, domin cikin taɓon nan akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi da allurai. Wurin da ya fi cin lokaci shi ne ƙarƙashin kwalbatin ƙofar gida, inda ledar fiya-wata da robar lemo da yashi ke curewa su yi tauri. A nan sai an sa doguwar gora ko rodi ana zungura, wani na janyewa ta ɗaya bakin, har sai an zuba bokitin ruwa ya wuce ba tare da ya tsaya ba.

Kuskuren da ake maimaitawa kowace shekara shi ne tara abin da aka yaso a bakin kwata, a ce sai ya bushe a kwashe. Ba a kwashewa. Ruwan farko ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi, wahalar yini guda ta tafi a banza. Kafin a sa shebur, a fara shirya yadda za a fitar da dattin: a yi karo-karo a ɗauki masu baro, ko mai unguwa ya nemi sashen tsafta na ƙaramar hukuma ko hukumar kula da muhalli ta jiha, NISEPA, a tsayar da ranar kwasa. Sai kuma ɗabi'ar nan ta aiken yara su juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗo, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwa ba ya kai ta ko'ina sai kwalbatin farko da ya tarar, a ƙofar wani bawan Allah. Wannan magana ce da ya kamata limamai su riƙa yi a masallaci, fastoci su yi a coci, tun kafin ruwa ya sauka, kuma wanda ya ga maƙwabciya na yi ya gaya mata cikin mutunci: "Hajiya, don Allah a bar min ita a buhu, gobe mai baro zai zo, sai mu haɗa." An fi jin wannan da faɗa.

Daga kwata sai bango da katanga. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya da ta tsaya a kan yaɓe, siminti kaɗan ya ishe ta. Wadda ta bi layin bulo tana hawa a karkace, ko ta fi faɗi a sama, ko ƙofar da ke kusa da ita ta fara ƙin rufuwa, wannan daga tushe take. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan mako biyu. Idan ta wuce layin, ka kira magini da ya san aikinsa, kada ka tsaya shafe ta. Katangar da ke kan gangare ta fi haɗari, domin ruwa na taruwa a bayanta yana turo ta. A bar mata ƙananan kafofi a gindi inda ruwan zai fita, wanda ya toshe nasa don ɓera ya sa raga maimakon siminti. Katangar da ta riga ta karkata a rushe ta da hannu tun da rani. Kada a shimfiɗa wa yara tabarma a gindinta, kada a ɗaure dabba a nan. Masu ginin ƙasa kuma su ƙara wa gindin bango yaɓe, su gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da tushe. Reshen bishiyar da ya rufa kan kwano a sare shi, amma wanda ya kusanci wayar wuta a bar wa ma'aikatan kamfanin wuta.

Duk da wannan, gidan da ke bakin rafi yana bakin rafi. Hukumar kula da yanayi, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar agajin gaggawa ta jiha, NSEMA, ma na yin gargaɗi, kuma ya kamata a saurara, sai dai babu mai gaya maka daren da ruwa zai shigo. Mazauna kwari su zauna da iyalinsu tun yanzu su yanke magana: in ruwa ya kai dakali, gidan wa za mu a tudu, ta wace hanya, wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun tsohuwa. Takardun gida da na makaranta da katin shaida a ƙulle su a leda biyu, a sa a sama inda hannu zai kai cikin duhu. Tocila ta kwana a wuri ɗaya da kowa ya sani. Daren da ruwa ya wuce awa biyu yana zuba da ƙarfi, babba ɗaya ya zauna a farke yana leƙa waje. Idan za a fita, a kashe babban makunnin wuta matuƙar ana iya kai masa ba tare da tsayawa cikin ruwa ba, a buga wa maƙwabta ƙofa, a tafi. Kada a koma ɗauko katifa ko talabijin. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuwa yana iya jan mota. Ɗan acaɓa da ya ce zai iya tsallake gadar da ruwa ya shafe, ka sauka ka bar shi. A ajiye lambar gaggawa ta 112 a waya, tare da ta mai unguwa da ta maƙwabta biyu ko uku.

Rijiya da masai su ma da rani ake duba su. Ƙa'idar masana lafiya ita ce a bar kimanin mita 30 tsakaninsu, abin da filayen Suleja da yawa ba za su bayar ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaga bakin rijiya sama da ƙasa sosai, a dafe kewayenta, a yi mata murfi mai makulli, wanda zai kuma tsare yara. A kwashe masai ko sokawe kafin ruwa, domin wanda ya kusa cika damina ce ke tumbatsa shi. Rijiyar da ambaliya ta shiga ta gurɓata ko da ruwanta ya yi garau a ido. A tafasa ruwan sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikinsa. Idan gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan da amai, ko jiki ya saki, a wuce asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba, domin kwalara na iya kisa cikin sa'o'i.

Sauro kuwa daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma yake ɗauka. Don haka sau ɗaya a mako a kife gwangwani da fasasshen bokiti, a rufe duro, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya. A ɗinke gidan sauro, a gyara ragar taga.

Da ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, aikin ya ragu amma bai ƙare ba. A nome ciyawar bayan gida da ta kangon da ke kusa, a ɗaga itace da tarin bulo daga jikin bango, nan macizai da kunamu ke fakewa. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana shi yawan motsi a kai shi asibiti. Da an fara ƙona daji ɓeraye ke gudowa gida, kuma lokacin ne zazzaɓin Lassa ke yawaita, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Hatsi da gari su shiga mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa a gefen titi, a toshe ramuka da siminti. Maganin ɓera da fiya-fiya da kananzir kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwa, yaro ba ya bambancewa.

Hunturu lokacin gobara ne. Komai ya bushe, iska na kaɗawa, sanyi ya sa ana rufe ko'ina. A nan akwai abin da ya shafi Suleja musamman: dubban mutane kan fita tun asuba zuwa aiki Abuja, ba sa dawowa sai dare. An ɗauke wuta ana cikin guga ko dafa ruwa da hita, aka fita a gaggauce ba a zare ba, aka dawo da wuta ƙarfe goma na safe babu kowa a ɗaki. Gobara da yawa haka take farawa. Dokar gida ta zama ɗaya: da an ɗauke wuta a zare dutsen guga da hita da butar lantarki a take, mai fita na ƙarshe kuma ya bi soket ɗaya bayan ɗaya. Wayar ƙari da ake jona abubuwa da yawa a kanta, mai kyau ma ba ta ɗaukar fiye da wat 3,000, butar lantarki ita kaɗai kan ci wajen 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye, ta arha kuwa ba ta kai ko kusa. Soket da ya yi baƙi, ko yake zafi, ko yake ƙauri, a kashe shi a kira mai gyaran wuta. Fis da ya ƙone a sa irinsa, kada a naɗa masa waya.

Janareta da gawayi kuma kisan mummuƙe suke yi. Dukansu suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta. Tsoron ɓarawo ne ke sa mutane shigar da janareta baranda ko lungun ɗaki su rufe ƙofa, kuma tsoro ne mai dalili, amma maganinsa keji na ƙarfe da sarƙa a waje. Masana na cewa a nisanta shi kamar mita 6 daga ƙofa da taga. Inda gida bai kai haka ba, a sa shi a sarari inda iska ke wucewa, bakin hayaƙin ya juya baya ga tagar kowa, har da ta maƙwabci. Kaskon gawayi na jin ɗumi, ko na mai jego, kada ya kwana a rufaffen ɗaki. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, a fitar da su iska, a kashe injin, a kai su asibiti. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Wanda ya ga abin da fetur ya yi a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025, inda tankar mai ta kama da wuta sama da mutum 80 suka rasu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan jarkar mai a ɗakin kwana ko kusa da murhu.

Tukunyar gas tana son dubawa duk lokacin da aka yi mata ɗuri. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a kan tukunyar da mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Tiyon da ya tsattsage a sauya shi. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, kuma shekarar ƙira na buge a jikin ƙarfenta, a duba kafin a sayi ta hannu. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka wanda ya shiga kicin ya ji warinsa kada ya taɓa makunnin wuta, kunnawa ko kashewa, kada ya ƙyasta ashana. Ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da kowa. Man suya da ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa, sai a kashe murhu a kife masa murfi. Ƙuna kuma a sakar mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Gidan da tagoginsa duka ƙarfe ne, a tabbatar kowane babba ya san inda makullin ƙofa ke kwana, kuma a iya lalubo shi cikin duhu.

Saura tambayar da ke hana yawancin wannan aiki yiwuwa: wa zai biya? Gidajen Suleja da yawa na haya ne, mai gida na wani gari, ɗan haya na ganin ba zai kashe kuɗi a ginin wani ba, rufi na ta yoyo a tsakaninsu. Bisa al'ada, rufi da bango da katanga da kwashe masai na mai gida ne, shara da kwata da ragar taga na mazauna. Lokacin da ɗan haya ke da bakin magana shi ne ranar biyan kuɗin shekara. Ya ɗauki hoton wurin a waya, ya samo kafinta ya yi ƙiyasi, ya je da shi: "Alhaji, ranka ya daɗe, ga abin da kafinta ya ce. In ka amince a yi kafin ruwa, a cire a kuɗin haya." Idan an daidaita, a rubuta a bayan rasit, kowa ya sa hannu, a ajiye rasit na kwano da ƙusa da ladan kafinta. A gidan da ke da 'yan haya da yawa, a ɗora wa mutum ɗaya riƙon kuɗin karo-karo, a liƙa takarda a zaure mai ɗauke da sunan mai sharar kowane mako da ranar da za a fito yashe kwata tare da sauran mutanen layi.